Hoto Ba Ya Zama Shaida Sai An San Asalinsa

A watan Yuni na 2018 aka yi kashe-kashe a gundumar Gashish, cikin Ƙaramar Hukumar Barkin Ladi ta Jihar Filato. Abin ya auku da gaske. Amma waɗansu hotunan da suka bazu a Facebook har suka iso wayoyin mutanen Jos ba na Gashish ba ne. Binciken BBC ya nuna wani bidiyo mai tayar da hankali a Kongo aka ɗauke shi tun 2012. Ran 24 ga watan aka tare hanya, aka fito da mutum 11 daga motoci, aka kashe su.

Saboda haka wanda aka aiko wa hoto, ko a Jos Jarawa yake ko a Bukur, wajibi ne ya tambaya: wa ya fara sa shi, kuma yaushe? Yawan masu yaɗawa ba hujja ba ne, domin mutum dubu suna iya kwafa daga maƙaryaci guda. Google na da hanyar neman asalin hoto, kyauta. In hakan bai samu ba, a jira sanarwar rediyo ko ta 'yan sanda, hoton kuwa ya tsaya cikin wayar.