Kafasita Mai Zafi: Dalili Da Magani

Sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare cikin garin Bauchi, akwatin lasifikarmu ya mutu ana jibi taron iyayen yara. Da muka buɗe, sai muka tarar kafasita ta kumbura. Na sayo sabuwa a kasuwar Wunti na sa, amma kafin mako biyu ita ma ta bi sawun 'yar'uwarta. Kuskurena shi ne na sake ta ban nemi abin da ke ƙona ta ba.

Kafasita kamar randa ta ke. Wutar bango tana kai da komowa ne. Diyod su ke juya ta ta bi hanya ɗaya, kafasita kuwa ta tara ta, ta riƙa ba da ita daidai wa daida. Akwai wani ruwan magani a cikinta, zafi kuwa shi ke busar da shi. To, in ta yi zafi, sai a duba abu huɗu.

1. Ƙafafunta. Ɗaya tana da zane a gefenta. In an juya su, nan da nan za ta yi zafi, har ta fashe.

2. Ƙarfin wuta. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, amma in an juya ta kai tsaye takan kai wajen 325, shi ya sa a ke sa mai lamba 400 a wurin. Janareton da wutarsa ke hawa da sauka yakan wahalshe ta.

3. Diyod. In ɗaya ya lalace, aikin kafasita ya ƙaru, sai ta ɗau zafi. Wannan shi ne ciwon akwatinmu.

4. Mazauninta. Akan rubuta digiri 85 ko 105 a jikinta, kuma ƙarin digiri 10 yakan rage rabin kwananta. Ku tuna da zafin Afrilu a Bauchi, da ƙurar hunturu mai toshe kafofin iska.

Amma fa a yi hattara. Ko an zare filogi, babbar kafasita takan riƙe wutar da za ta iya kashe mutum. A zuƙe ta da rezisto, sa'an nan a auna da mita kafin a taɓa.

'Yan'uwa, da yawanmu ƙauye za a tura mu, inda mai gyara ya ke da nisa, kuɗin makaranta kuma kaɗan ne. Lalle mu nemi dalilin zafin tukuna, kana mu sayi sabuwa.