Mu Koyi Turanci: Kalmar "Tidy"

Kalmarmu ta wannan fitowa gajera ce, baƙaƙe 4 kawai: tidy. Ana furta ta "taidi". Gaɓar farko daidai take da farkon kalmar "taimako".

Na zaɓe ta ne saboda abin da ya sami wata ɗalibarmu ta ajin yamma. Ta sami aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti. Ran nan mai kula da wurin za ta fita, sai ta ce mata, "Please tidy the store." Yarinya ta ɗauko bokiti da tsumma, ta wanke daɓen sito har yana ƙyalli. Kwalayen magani kuwa ta bar su yadda ta tarar da su, wani bisa wani, waɗansu a ƙasa, har ruwa ya jiƙa gindin biyu ko uku. Da aka dawo aka yi mata faɗa. Ta zo aji ranta a ɓace, ta ce, "Malama, na wanke ɗakin nan tas, me kuma ake so in yi?"

Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mu malamai mun saba haɗa clean da tidy mu ce duka "tsabta" ne, mu wuce. Alhali kuwa ba ɗaya ba ne.

Clean yana nufin babu datti: an share, an wanke, an goge ƙura. Tidy yana nufin kowane abu yana wurin da ya kamata ya kasance, wato a kintse, a jere, tsaf. Kishiyar clean ita ce dirty, mai datti. Kishiyar tidy ita ce untidy, wato kaca-kaca ko barkatai. Ku tuna da jeren ɗakin amarya, yadda ake ɗora kwanuka babba a ƙasa, ƙarami a sama, kowane da murfinsa. Wannan shi ne tidy. Idan amarya ta yi wata guda ba ta goge su ba, ƙurar hunturu ta rufe su, jeren yana nan tidy amma ba clean ba ne. Idan kuma ta sauke su ta wanke ta zube su a tsakar ɗaki, sun zama clean amma ɗakin untidy ne. Da ɗalibarmu ta ji wannan misali sai ta yi dariya, ta ce ashe jere aka sa ta, ita kuwa ta yi wanke-wanke.

Ana amfani da kalmar ta hanya biyu. Tana bayyana yadda abu yake: "The room is tidy," wato ɗakin a kintse yake. Ana faɗar ta a kan mutum kuma: "She is a tidy person," wato mace ce mai tsari, ba ta barin kaya a watse. Tana kuma zama aiki: "Tidy your books," wato kintsa littattafanka. Sau da yawa Turawa sukan ƙara mata up, su ce "Let us tidy up before the visitors come," wato mu kintsa wuri kafin baƙi su iso. Idan suka ce "Tidy the tools away," suna nufin a kwashe kayan aiki a mai da su ma'ajiyarsu.

Ku lura da rubutu, domin nan ne yara suke faɗuwa a jarrabawa. Harafin y na ƙarshe yana komawa i a cikin tidied, tidier, tidiest da tidiness. A cikin tidying kuwa yana nan bai motsa ba.

Asalin kalmar ya ba ni sha'awa. Ta fito ne daga tide, wadda a tsohon Turanci take nufin lokaci, ko da yake yau an fi saninta da cikowa da janyewar ruwan teku. Tun a shekarun 1200, tidy yana nufin abin da ya zo a kan lokacinsa kuma yake da kyau. Sai a wajen shekara ta 1700 ta ɗauki ma'anar tsari da muke koyo yau. Mutanen Ingila suna son kalmar nan ƙwarai. A 1954 ƙungiyar matan karkara da ake kira Women's Institute ta zartar da ƙudurin yaƙi da zubar da shara a hanya, daga nan aka sami kamfen ɗin Keep Britain Tidy. Hoton ɗan mutumin nan da yake jefa takarda cikin kwandon shara, wanda kuke gani a bayan fakitin biskit, sunansa Tidyman. Wani abu kuma, idan kun ji an ce "a tidy sum," ba maganar jere ake yi ba. Kuɗi ne masu kauri.

Mu koma sito. Me ya sa mai kula da asibiti ta damu haka? Domin a wurin ajiye magani, wanda kwanan lalacewarsa ya fi kusa shi ake sawa a gaba don a fara ba da shi, kuma ba a ajiye kwali a daɓe saboda laima. Idan kaya sun cakuɗe, magani zai lalace a can ƙasa ba wanda ya sani. Haka yake a gidajenmu. Gida yana iya shan shara safe da yamma, amma kananzir yana cikin kwalbar lemo a bayan ƙofa, maganin ƙwari na gona yana kusa da kwanon gari, ashana tana inda hannun yaro zai kai. Yaro mai jin ƙishi bai san bambancin kwalba da kwalba ba. Tsintsiya ba ta maganin wannan. Sai an ba kowane abu wurinsa, mai haɗari a sama ko a kulle, cikin mazubinsa na asali da takardarsa a jiki.

Ga aikin gida. Ku shiga ɗakin girki ko wurin da kuke ajiye kayan gona, ku duba da kyau, ku rubuta jimla 3 da Turanci: ɗaya da clean, ɗaya da untidy, ɗaya da tidy up. Masu zuwa aji su kawo wa malaminsu ya duba. Wanda ba ya zuwa aji ya ba ɗan makaranta na gidansu ya karanta masa da ƙarfi, ya kuma saurara ko yaron ya furta "taidi" daidai.