Makunnin da Ke Raba Batir da Waya

Ran nan da la'asar na shiga ɗakin da mu ke ajiye baturan sola a makarantarmu nan Bauchi, don in ɗaure wata waya da ta saki a bayan inbata. Na kashe inbata, na ɗauka shi ke nan. Ashe wayoyin nan biyu masu kauri suna nan haɗe da batir. Sifana ya zame ya taɓa su gaba ɗaya, sai na ji fat! Bakinsa ya narke sai ka ce daga maƙera ya fito. Allah ya kiyaye, ba zobe a hannuna.

To, 'yan'uwana ɗalibai, laifina raini ne. Wutar batir mai bolt 12 ko 24 ba ta cika jan mutum ba, shi ya sa mu ke wasa da ita. Amma ku ɗauki alli ku yi lissafi. Kayan da ke cin wat 1200 suna jan wajen amfiya 5 daga wutar gari mai bolt 230. In kuwa daga batir mai bolt 12 ne, amfiya 100 za su ja. In wayoyi suka haɗu, abin ya kan kai ɗaruruwa, roba ta narke, ɗaki ya kama.

Maganinsa makunni babba dab da batir, a kan jar waya, tare da fis. In an buɗe shi, duk wayar da ke gabansa ta mutu, sai ka yi aikinka hankali kwance.

Sai dai ba kowane makunni ya ke yi ba, nan ne kuwa mutane su ke yin asara. Wutar gari kai da komowa ta ke yi, tana faɗuwa sifiri sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka tartsatsin da ya tashi a makunni ya kan mutu da kansa. Ta batir da ta farantin sola hanya ɗaya su ke bi, ba su tsayawa. Tartsatsi ya kama, sai ya yi ta ci har makunnin ya ƙone. In ka je kasuwar Wunti saye, kada ka tsaya ga kyan kwali, ko ga cewar mai kanti duk ɗaya ne. Juya shi ka duba jikinsa. Ka ga an rubuta DC, ka ga bolt da amfiyarsa sun fi na kayanka, sa'an nan ka biya.

Na biyun kuma a sa shi tsakanin faranti da na'urar caji, don muddin da rana faranti bai daina ba da wuta. Wajen kashewa, a fara da kayan da ke cin wuta, sa'an nan faranti, batir shi ne na ƙarshe. Wajen kunnawa batir ne na farko.

Sifanan nan yana bisa teburina. Wanda ya ke so ya gani ya zo bayan darasi.