DARASIN KULA DA INJI: Babur mai mutuwa in ya yi zafi



Da safe babur ya tashi bugu ɗaya. An yi tafiya, inji ya yi zafi. Da an tsaya an saki hannu, sai ya mutu. Ranar ɗaukar albasa zuwa kasuwa ko ranar kai marar lafiya likita, wanga abu ba ƙaramar wahala ba ne.

Cikin rani na iske wani mai garka wajen Madawa. Ya sayi buji har 3, babur bai daina mutuwa ba. Da muka buɗe matatar iska, ƙura ta like ta sarai. Muka wanke ta, shi ke nan. Kuɗinsa sun tafi banza don bai san inda ciwon yake ba.

1. Mi ne ne aikin karbiratar?

Karbiratar shi ke gauraya isansi da iska kafin su shiga inji. Gwargwadon da inji ke so: iska wajen kilo 15 ga isansi kilo 1. Inji mai sanyi yana son isansi fiye da haka. Don haka ake jan sitata da safe: tana rage iska, isansi ya yi yawa. In inji ya yi zafi, ana maida sitata. Daga nan sai gaurayen ya zama daidai, in ba haka ba inji ba ya tsayawa ralanti, wato ba ya juyawa a hankali shi kaɗai.

Ciwon iri biyu ne: ko isansi ya yi yawa, ko ya yi kaɗan.

2. Ƙaƙa za a gane?

In inji ya yi zafi yana shirin mutuwa, ka ja sitata rabi. In ya farfaɗo, isansi ne ya yi kaɗan. In ya mutu nan take, isansi ne ya yi yawa.

In inji ya huce, ka kwance buji ka dubi bakinsa:
- baƙi mai kunkunniya: isansi ya yi yawa;
- fari kamar toka: isansi ya yi kaɗan;
- ruwan ƙasa: gauraye daidai yake.

3. In isansi ya yi yawa

Alama: baƙin hayaƙi, warin isansi, babur yana shan mai da yawa.

a) Ka duba sitata. Wani lokaci wayarta tana kafewa, ba ta komawa duka.

b) Ka duba matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyar karkara suna toshe ta. In ta soso ce, a wanke da ruwan sabulu, a bari ta bushe, a ɗiga mata man inji kaɗan, a matse. In ta takarda ce, a kaɗe ta, ba a sa mata ruwa. Kada a yi tafiya ba matata: rairayi yana cinye inji.

c) Ka duba ƙoƙon da ke ƙarƙashin karbiratar. Cikinsa akwai fulotar da allura. In ƙoƙo ya cika, fulotar yana tashi, allura ta rufe hanyar isansi. In allura ta cinye, ko datti ya tsaya bakinta, isansi yana ta zuwa har ya tsiyaye ƙasa. A wanke wurin. In tsiyaya ba ta daina ba, a sake allura.

4. In isansi ya yi kaɗan

Alama: inji yana aiki da sitata, da an maida ta sai ya mutu.

a) Jiklar na ralanti ya toshe. Shi ne ƙarami cikin jiklar biyu da ke cikin ƙoƙo. Raminsa ɗan mitsitsi ne, ƙwayar rairayi ɗaya tana iya rufe shi. Ka rufe isansi, ka cire ƙoƙo, ka kwance jiklar, ka wanke shi da isansi mai tsabta, ka hura shi da famfon taya. Ka ɗaga shi ga rana: in ka ga haske, ya buɗe. Kada a tsokace shi da allurar ɗinki, rami yana ƙara faɗi, jiklar ya lalace.

b) Ruwa cikin ƙoƙo. Ruwa ya fi isansi nauyi, ƙasa yake kwanciya. Akwai ɗan bis ƙarƙashin ƙoƙo. A sassauta shi, ruwa da datti su zube.

c) Iska tana shiga ta tsaga. Ka dubi wuyan da ke haɗa karbiratar da inji. Inji yana aiki, ka girgiza karbiratar a hankali. In ƙara ta sake, akwai tsaga ko noti ya saki.

d) Murfin tanki yana da ɗan rami na shigar iska. In ya toshe, isansi ba ya sauka. Lokacin da babur ya mutu, ka buɗe murfi, ka sake tayarwa. In ya tashi, ramin ne.

5. Daidaita ralanti

Ana wanga aiki inji yana da zafi, bayan tafiyar minti 10, sitata a maide. Bis biyu ne. Na farko yana ƙara gudun inji ko ya rage. Na biyu yana daidaita gauraye.

Ka murɗa na gauraye ciki har ya taɓa, ba da ƙarfi ba. Ka dawo da shi juyi 1 da rabi. Ka tada inji. Ka riƙa juya shi kwata-kwata, kana saurare, har inda inji ya fi gudu ba tangarɗa. Sa'annan ka daidaita gudu da bis na farko. Babur 125 yana son wajen juyi 1400 a minti ɗaya.

6. In ba karbiratar ba ne

Ƙarfe yana buɗewa in ya sha zafi. In supap sun matse, da zafi ba su rufewa sosai, inji ya rasa ƙarfi. Ana daidaita su inji yana da sanyi. Bobin ma in ta gaji, tana ba da wuta da sanyi, ta yanke da zafi. Waɗannan biyu aikin makaniki ne. Ka gaya masa abin da ka riga ka duba, don kada a sa ka sayen abin da ba ka bukata.

A KULA: ba taba, ba wuta kusa da isansi. Kada a tada inji cikin ɗaki rufe, hayaƙinsa yana kisa.

Rigakafi ya fi magani. A tace isansin kwalba da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. A rufe isansi in an aje babur. Injin ban ruwa na garka mai aiki da isansi shi ma karbiratar gare shi, wanga darasi ya shafe shi.

TAMBAYOYI
1. Don mi ake jan sitata da safe?
2. Buji ya yi baƙi. Mi za ka fara dubawa?
3. Don mi ba a tsokatar jiklar da allura?

Ku amsa cikin littafinku, ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba. Sai darasi na gaba.

Malamin gona