Yadda Ake Kai Dogon Yaro Daga Wudil Zuwa Ƙwallon Kwandon Jami'a

Da wuya a rasa irinsa a makarantar sakandare a Wudil. Shi ne wanda ake turawa ƙarshen layi a taron safe, wanda wandon makaranta ke tsaya masa a ƙwauri, wanda sai ya sunkuya kafin ya shiga zauren gidansu. Shekararsa 15, amma ya ba mahaifinsa ratar kai guda. Ranar Juma'a in ya shiga kasuwa, daga nesa ake hango hularsa a saman jama'a. Sunan yanka ya ɓace, kowa Dogo yake ce masa.

A gari, tsawon nan bai wuce abin tsokana ba. A Amurka kuwa, inda jami'o'i sama da 350 ke fafatawa a rukunin farko na ƙwallon kwando, masu horarwa neman irin wannan yaro suke yi ruwa a jallo, jami'a kuma ta ɗauki nauyin karatunsa.

Arewa ta san hanyar. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira Koci OBJ, ya tafi kwalejin Bismarck mai shekara biyu a Amurka, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwararru, a 2019. Tsawo yana sa a waiwayi yaro. Abin da ke kai shi ciki kuwa horo ne, da takardun gaskiya, da babban da ke sa ido.

Mataki na 1: A auna shi, a kai shi wurin likita

Tef ɗin tela inci 60 ne kawai, don haka na kafinta za a aro. Yaro ya cire takalmi, ya jingina da bango, a ɗora littafi a kansa, a ja layi da alli. Sannan ya buɗe hannuwansa a auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa, domin masu horarwa suna tambayar faɗin hannu kamar yadda suke tambayar tsawo. A ƙarshe ya miƙa hannu sama a ga inda ya taɓo. Zoben kwando ƙafa 10 ne daga ƙasa, wato mita 3.05. A rubuta komai da kwanan wata, a maimaita duk bayan wata uku. Kada a ƙara ko inci ɗaya, domin ranar da ya isa sansanin horo za a sake auna shi.

Kafin a fara horo mai tsanani, likita ya duba zuciyarsa. Akwai ciwon gado da ake kira Marfan, mai zuwa da tsawo da dogayen yatsu, yana raunana babbar jijiyar jini. Shi aka gano a jikin Isaiah Austin na jami'ar Baylor a 2014, kwanaki kaɗan kafin zaɓen 'yan wasan NBA. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin zuciya, kuma tafiyar ba ta kai ta yini ba.

Mataki na 2: A nema masa koci da fili

A fara tambaya a gida, wurin malamin wasanni na makarantarsu da sashen wasanni na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Daga nan sai Kano, kimanin kilomita 40, inda zauren wasanni na Ƙofar Mata yake, kuma garin Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta sha cin kofin ƙasa. Ko sau ɗaya a mako yaro ya samu ya kara da waɗanda suka fi shi, zai ga bambanci. Takalmi mai lamba 47 ko 48 sai an tona a wurin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai.

Kuskuren da aka fi yi wa dogon yaro shi ne a dasa shi ƙarƙashin kwando a ce ya tsaya nan. Wasan yau yana son dogon da ke gudu, yana buga ƙwallo a ƙasa da dama da hagu, yana miƙa ta, yana jefawa daga nesa. Wanda ya saba da tamaula ma ya samu jari. Hakeem Olajuwon mai tsaron gida ne a Legas, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai wajen shekara 15, kuma saurin ƙafar da ya samo daga raga ne ya gagari 'yan bayan NBA.

Mataki na 3: A riƙe karatu da takardu

A nan ne yara da yawa ke faɗuwa. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, tana da ofishin tantancewa da ɗalibi ke yin rajista da shi ta intanet. Ofishin yana duba sakamako tun daga shekara ta tara ta karatu, wato aji uku na ƙaramar sakandare, har zuwa takardar WAEC ko NECO. A rukunin farko ana neman manyan darussa 16 da suka haɗa da Turanci, lissafi, kimiyya da ilimin zamantakewa, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4. Tun 2023 NCAA ta daina tilasta jarrabawar SAT, amma wasu jami'o'in suna nemanta, wasu kuma suna neman ta Turanci.

Ma'ana, katin sakamakon zangon da ake jefawa a ƙasan akwati dukiya ce. A sayi jakar takardu guda, a tara su duka, kowanne da hatimin makaranta da sa hannun shugabanta. Olajuwon kansa, da ya isa Jami'ar Houston a 1980, bai buga kakar farko ba saboda NCAA ba ta gama tantance shi ba.

Sai batun shekaru. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, lambar NIN, rajistar WAEC da fasfo, dole suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a cikinsu. In wani ya zo da shawarar a rage wa yaro shekara biyu, uba ya ce masa, "Malam, mun gode, amma a bar shi yadda Allah Ya yi shi." Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da ta fito, gurbin karatu da biza tare suke tafiya. Haka nan kada yaro ya sa hannu a kwantiragin ƙungiya ko na dillali, ko ya daɗe yana buga gasa bayan kammala sakandare, sai an karanta dokar NCAA ta wannan shekarar, domin tana iya rage masa shekarun wasa.

Mataki na 4: A kai shi inda idanu suke

Ba wanda zai zo Wudil neman yaron da bai taɓa jin labarinsa ba. Gasar Milo ta makarantun sakandare, wadda ake yi tun 1999, tana tashi daga jiha zuwa shiyya zuwa ƙasa, kuma shugaban makaranta ne zai nemi shiga. Akwai sansanonin Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003. A irinsu Charles Bassey na Legas ya yi fice kafin ya tafi jami'ar Western Kentucky. Sama da su akwai Basketball Without Borders da makarantar NBA ta Afirka da ke Saly a Senegal, waɗanda sai an gayyaci mutum. Daga Saly ne Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya, ya wuce jami'ar Washington State a 2023, ya koma Florida, aka ci kofin jami'o'in Amurka da shi a 2025.

Mataki na 5: Bidiyo da wasiƙa

Wayar hannu ta isa. A kwantar da ita a kwance, a kafa ta a wuri mai tudu daidai tsakiyar fili, mai ɗauka ya daina ihu. A haɗa minti uku zuwa biyar na wasan gaske, ba na yaro shi kaɗai yana cusa ƙwallo ba. A nuna yadda yake komawa gida da gudu, yadda yake tare abokin karawa, yadda yake cafe ƙwallon da ta dawo daga allo. A ajiye cikakken wasa guda, domin kocin da ya ƙyasa zai nema.

Wasiƙar imel ta zama gajera: suna, ranar haihuwa, tsawo, faɗin hannu, aji, sakamako, lambar rajistar NCAA, lambar kocinsa da mahaɗin bidiyo a YouTube. Adireshin mataimakan koci yana shafin kowace jami'a. Kocin rukunin farko ba shi da izinin kiran yaro sai daga 15 ga Yuni bayan ya gama ajin da ya yi daidai da aji ɗaya na babbar sakandare, don haka shiru kafin lokacin ba ƙi ba ne. Kada a tsaya kan manyan sunaye. Rukuni na biyu da kwalejojin shekara biyu, irin wadda Ujiri ya bi, su ma suna ba da tallafi. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa.

Mataki na 6: A tace tayin

Jaridun Amurka sun sha ba da labarin yaran Najeriya da dillalai suka kai can da alkawarin makaranta, suka ƙare a cunkushe a ɗaki guda, ba aji, ba isasshen abinci, fasfo a hannun wani. Alamomin a bayyane suke: mai neman kuɗi kafin komai, mai gaggawa, mai cewa kada a gaya wa koci. Tayin gaske yana zuwa a rubuce, daga adireshin da ya ƙare da .edu, kuma sunan mai aikowa yana shafin makarantar.

Iyaye su nemi ganawa ta bidiyo, da malamin Turanci a gefe. Su tambaya dalla-dalla: tallafin ya haɗa da kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai da inshorar lafiya? Na shekara nawa ne? In yaro ya ji rauni fa? Akwai masallaci da abincin halal a kusa? Ba abin jin nauyi ba ne. Olajuwon da azumi a bakinsa ya riƙa buga wasannin NBA cikin Ramadan.

Mataki na 7: Biza, da ƙofa ta biyu

Makarantar da ta ɗauki yaro ita ke aiko da takardar I-20, da ita ake neman bizar ɗalibi ta F-1 a ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko Legas. Tun 2025 Amurka ta tsananta dokokin biza ga 'yan Najeriya, har da ɗalibai, saboda haka a tuntuɓi cibiyar EducationUSA kafin a kashe ko sisi.

Shi ya sa ba a sakin JAMB. NBA mutum 60 kacal take zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya, amma digiri yana nan ga duk wanda ya zauna ya yi. Jami'o'in Kanada suna da gasarsu. A gida akwai wasannin NUGA, inda Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da sauran jami'o'i ke karawa, akwai kuma gasar ƙasa ta manyan ƙungiyoyi. Yaron da ya samu gurbi a jami'ar Wudil, wadda aka buɗe a 2001, zai iya yin lacca da safe, ya yi atisaye bayan la'asar, ranar Asabar ya hau mota a tasha zuwa Ƙofar Mata da takalminsa a leda, jakar takardunsa kuma tana gida a hannun mahaifiyarsa tana ƙara kauri.