Shawarwari Ga Gidan Da Ake Ɗurin Harsashi A Amurka

A filayen koyon harbi na Amurka za ka ga wasu suna tsince kwanson harsashinsu bayan sun gama harbi, su zuba a jaka su tafi da shi gida. Waɗannan su ne masu ɗurin harsashi da hannu. Harsashin ƙaramar bindiga abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da ɗan murfin da ke gindinsa mai tayar da wuta wanda ake kira firaima, da albarushi, sai kan harsashin da ke fita. Idan aka harba, uku sun tafi, kwanso ya saura, kuma ana iya sake ɗura shi sau da dama. Wasu don rage kashe kuɗi suke yi, wasu don samun harsashin da ya dace da gasar da suke shiga. Bahaushen da ke zaune a can zai iya cin karo da wannan sha'awa a wurin abokan aiki ko maƙwabta, har ta shiga ransa. To amma aikin a cikin gida ake yin sa, inda mata da yara suke kwana suke tashi, don haka haɗarinsa na kowa ne a gidan.

1. Fara da doka, kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya. Dokar tarayyar Amurka ba ta buƙatar lasisi ga wanda zai ɗura harsashi don amfanin kansa, amma wanda zai mayar da shi sana'a yana sayarwa sai ya karɓi lasisin ƙera harsashi. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, a idon wannan doka kwanso da firaima da albarushi da kan harsashi duk sunansu harsashi. Wanda aka hana riƙe harsashi an hana shi riƙe su ke nan. Cikin waɗanda aka hana akwai wanda ba shi da takardun zama, da wanda ya shiga ƙasar da bizar wucin gadi irin ta ɗalibai da 'yan ziyara, sai fa idan ya faɗa cikin 'yan keɓaɓɓun da doka ta ware, kamar mai riƙe da lasisin farauta. Ɗalibi na iya rasa karatunsa da zamansa saboda kwalin firaima guda. Bayan dokar tarayya kuma kowace jiha da nata. A Massachusetts sai da lasisi ake ajiye waɗannan kaya, a Illinois sai da katin shaidar mai bindiga ake riƙe harsashi. Wanda ke gidan haya ya karanta yarjejeniyarsa, ya kuma tambayi kamfanin inshorarsa.

Ga mai karatu a Najeriya maganar gajeruwa ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, ta kuma hana ƙera harsashi ko haɗa shi a gida. Wanda ya yi, gidan yari yake nema wa kansa.

2. Littafi kafin inji. Kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Speer suna buga littattafan ɗuri, masu yin albarushi kamar Hodgdon da Alliant da Vihtavuori su ma suna fitar da jadawalinsu. Galibin adadin da ke ciki an gwada shi da na'urar auna matsin wuta, bisa ma'aunin da ƙungiyar masu ƙera makamai ta SAAMI ta shimfiɗa, ƙungiyar da aka kafa a 1926. Ka mallaki littafi biyu, ka karanta babukan farko kaf, ka riƙa gwama abin da wannan ya ce da abin da wancan ya ce. A fara daga mafi ƙarancin adadin da littafi ya bayar, kada a taɓa ƙetare iyakar sama. Adadin da wani ya rubuta a intanet, ko wanda aboki ya faɗa da baki yana rantsuwa, ba abin ɗauka ba ne. Shi ya sa ma ba za ka ga adadin ɗuri ko ɗaya a wannan rubutu ba.

3. Sayi injin da ke tafiya a hankali. Injin matsi iri uku ne. Akwai mai aiki ɗaya, irin Rock Chucker na kamfanin RCBS, wanda kowane ja na hannu abu guda yake yi wa kwanso guda. Akwai mai kai mai juyawa, irin na Lee, da ke ɗauke da dukkan bututun aiki a lokaci ɗaya. Sai mai sauri irin na Dillon, wanda ke aiki a kan kwanso huɗu ko biyar tare, kowane ja ya fitar da harsashi gamamme. Masu harbin ƙaramar bindiga suna cin harsashi da yawa, don haka idonsu kan tafi kan mai saurin. A ganina sabon shiga ba shi da hurumi a wurin. Inji mai sauri yana yin abubuwa da dama a gabanka a lokaci guda, kai kuwa ba ka riga ka san yadda kuskure yake kama ba. Mai aiki ɗaya yana tilasta maka ka riƙe kowane kwanso sau da yawa, kana dubawa. Ko daga baya ka sayi babba, ƙaramin ba zai rasa amfani ba.

Wajen bututun da ake ɗaurawa a kan inji, waɗanda ke mayar da kwanso girmansa su kuma zaunar da kan harsashi, ka zaɓi masu zoben kabaid. Da su ba sai an shafa wa miƙaƙƙen kwanson ƙaramar bindiga mai ba. Teburin kuma ya zama mai nauyi, a ɗaure injin da noti, kada ya riƙa rawa.

4. Kada ka yi rowa wajen sikeli. Ana auna albarushi da giren, kuma giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, wato giram guda ya ɗan haura giren 15. Abin da ke shiga harsashin 9mm yawanci bai kai rabin giram ba, amma matsin wutar da SAAMI ta amince masa ya kai 35,000 a ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, kusan ninki dubu na iskar da ke tayar motarka. Sikelin kicin ba zai yi wannan aiki ba. A nemi na musamman, tare da 'yan duwatsun gwaji da ake tabbatar da gaskiyarsa kafin kowane zama. Fanka da iskar taga suna ruɗa shi. Sai ma'aunin tsayi mai baki biyu, domin idan kan harsashi ya nutse cikin kwanso fiye da ƙima, wurin da wuta za ta ci ya ragu, matsi ya hau.

5. Wannan albarushi daban yake da wanda muka sani. Baƙin albarushin da 'yan bindiga ke ɗurawa ranar hawan salla wani abu ne, albarushin zamani mara hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884, wani abu ne. Ba a musanya su, ba a gauraya su. Shi kansa na zamanin iri-iri ne, wani yana ci da sauri, wani a hankali, kuma wasu sunayen da lambobin suna kama da juna har su ruɗi mutum. Gwangwani ɗaya tak ya kamata ya hau tebur. Idan an gama, a mayar da ragowar cikin gwangwaninsa nan take. Albarushin da ba a tabbatar da sunansa ba, ko wanda ya fara wari mai ɗaci ko ya yi jan ƙura, an gama da shi.

6. Kurakurai biyu ne suka fi raunata mutane. Na farko zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya. Kwanso irin na .38 Special dogo ne, albarushi mai saurin ci kuwa ɗan kaɗan ake zuba masa, saboda haka zubi biyu zai shige ba tare da ya tumbatsa ba. Irin wannan harsashi yana tarwatsa bindiga a hannun mai ita, ya tafi da yatsu ko ido. Maganinsa shi ne a jera kwansunan da aka zuba wa albarushi a faranti mai ramuka, a haska fitila, a leƙa su ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗora kai. Sabon shiga zai fi samun kwanciyar hankali da albarushin da ke cika fiye da rabin kwanso, don zubi biyu ya zube a gani.

Na biyu mantawa da albarushin gaba ɗaya. Firaima kaɗai tana da ƙarfin tura kan harsashi ya shiga bututun bindiga ya maƙale. Harbin da ya biyo baya shi ne masifar. Duk lokacin da ƙarar harbi ta yi rauni ko bindiga ba ta yi tsalle yadda ta saba ba, a dakata, a cire harsasai, a duba bututun.

Tushen kurakuran nan biyu ɗaya ne, wato rabuwar hankali. Waya ta yi ƙara, yaro ya shigo da kuka, uwargida ta leƙo da tambaya. Iyali su yi yarjejeniya cewa idan maigida yana kan teburin nan ba a kiran sa. Shi kuma kada ya zauna da gajiya ko ɓacin rai, kada ya kunna talabijin, kada ya cire tabaran kariya. Idan dole ta sa ya tashi, ya juye kwanson da ke hannunsa ya sake daga farko.

7. Tantance kwanso da firaima. Kwanso na ƙarfe da na alminiyom a zubar. Na tagulla a leƙa cikinsa: mai huda ɗaya a tsakiya shi ne samfurin Boxer da ake ɗurawa, mai huda biyu samfurin Berdan ne, zai karya maka allurar cire firaima. Mai tsaga a baki ko kumburi a gindi ya gama aiki. Kwanson .380 yana saje da na 9mm, kuma na .45 ACP yana zuwa da ramin firaima babba ko ƙarami, sai an ware. Firaima a bar ta cikin kwalinta na asali mai ramuka. Idan aka juye su da yawa cikin kwalba, ɗaya ta tashi, duka za su tashi.

8. Kan harsashi mai rufin jan ƙarfe ya fi tsabta ga gida mai yara, saboda dalma, wadda za mu zo kanta. Ka kuma karanta littafin bindigarka, domin kamfanoni da dama, ciki har da Glock, suna gargaɗi a kan harsashin da aka sake ɗurawa, kuma garantinsu ba ya ɗaukar ɓarnar da ya jawo.

9. Dalma ita ce haɗarin da ya fi damuna, saboda ba ta ƙara, ba ta wari. Mafi yawan firaima da sinadarin dalma ake yin ta, tokarsa kuma tana maƙale a tsohon kwanso. Injin da ke goge kwanso da busasshen gari yana tayar da wannan ƙura ta bazu a ɗaki, ta hau riga da takalmi, ta bi mutum har kan shimfiɗar da jariri ke rarrafe. Mu ba baƙi ba ne ga wannan guba. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Yawan ƙurar ba ɗaya ba ne, amma hanyar shigarta jikin yaro ɗaya ce, daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Likitoci ba su san wani adadi na dalma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba, kuma a 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta rage mizanin da take sa ido a kai zuwa maikrogiram 3.5 a kowace desilitar jini.

Don haka a yi aikin a gareji ko wani ɗaki na daban mai ƙofa, nesa da kicin. A wanke kwanso da ruwa maimakon busasshen gari. Ba ci, ba sha a wurin. A ware riga da takalmin aiki, a wanke su daban da kayan iyali, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yaro. A goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Injin zuƙar shara bai dace ba, yana watsa ƙurar, kuma tartsatsinsa na iya kunna albarushin da ya zube ko firaimar da ta faɗi. Mai juna biyu kada ta shiga ɗakin. Uwargida tana da cikakken haƙƙin ta ce a gwada jinin maigida da na yara, ta faɗa wa likita dalili ba ɓoye-ɓoye.

10. Ajiya tana da ƙa'ida. Kundin kariyar gobara na NFPA, wanda garuruwa da yawa ke bi, ya yarda a ajiye albarushi har laba 20, kimanin kilo 9, a gwangwaninsa na asali cikin gida. Daga nan zuwa laba 50 sai a akwatin katako mai kaurin inci ɗaya. Firaima kada ta wuce 10,000. Mutane kan ɗauka akwatin ƙarfe mai rufewa gam ya fi tsaro, alhali shi ne ke mayar da gobara fashewa, domin albarushi a sake ci kawai yake yi, a matse kuwa fashewa yake. A raba albarushi da firaima, a nisanta su da tukunyar ɗumama ruwa da man fetur da fenti. Ɗakin ya kasance a kulle, makulli a hannun manya. Gamammen harsashi a rubuta masa ranar ɗuri da abin da ke ciki, a ajiye shi wuri daban da bindiga.

11. Yi lissafi da gaskiya. Harsashin 9mm na kanti yana da araha, ribar ɗura shi kaɗan ce. A kan irin su .44 Magnum da .45 Colt ne bambancin ke fitowa. Ka haɗa da kuɗin kayan aiki da ƙarin kuɗin da ake caja wajen aiko da albarushi da firaima, ka tuna kuma a 2020 da 2021 firaima ta yi ƙaranci ta yi tsada.

12. Jakar filin harbi kada ta zama jakar tafiya. A 2024 an kama wasu Amurkawa a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasan da suka manta a jakunkunansu, a lokacin da dokar wurin ta tanadi ɗaurin shekara 12. Gidan da ake ɗuri ba ya rasa kwanso ko harsashi a aljihu da lungun jaka. Albarushi da firaima ba sa hawa jirgin fasinja ko kaɗan. Kafin ka kama hanyar Kano ko Yamai ganin gida, ka zazzage kowace jaka, ka laluba kowane aljihu, ka sa wani a gidan ya sake dubawa.