Ga 'Yata Mai Gyaran Tsofaffin 'Yan Tsana

Tunda kin ɗauki gyaran tsofaffin 'yan tsana a matsayin sana'a, zo mu ɗan taɓa hira. Wasu za su yi miki dariya, su ce babba da wasan yara. Ki ƙyale su, rashin sani ne, ba mugunta ba. A birnin Lisbon na ƙasar Fotugal akwai shagon da ake kira asibitin 'yan tsana. Tun 1830 ake wannan aiki a cikinsa, har yau ƙofarsa a buɗe take.

Abin da nake jiye miki shi ne zumuɗi. Mai koyo kullum so yake abin da aka kawo masa ya koma sabo fil. Niyyar mai kyau ce, amma garin gyaran gira ake rasa ido.

In aka miƙo miki 'yar tsana, kada ki yi saurin ɗauko ruwa ko fenti. Ki fara sanin da me aka yi ta. Ki ɗaga gashin a hankali, ki duba ƙeya. Masu ƙera na tangaran a ƙarshen ƙarni na 19 a nan suke barin tambarinsu, sau da yawa har da lambar ƙirar. Za ki ci karo da sunaye irin su Jumeau na Faransa, ko Kestner da Armand Marseille na Jamus. Launin fuskar irin waɗannan gasa shi aka yi a wuta, don haka auduga mai ɗan danshi ba za ta cuce shi ba. Jikin kuwa wani abu ne daban. Da yawa da garin katako da gam aka yi shi, aka shafe da fenti. Ruwa na shiga sai ya kumbura, fentin ya tsattsage, ya fara ɓarewa. Akwai kuma na seluloid, marasa nauyi, masu saurin kama wuta. Ki nisanta su da zafi.

Idanun gilashin nan da ke rufewa in an kwantar da ita, ɗan curin dalma ne a cikin kan yake juya su, filasta kuma ke riƙe da su. Shi ya sa masana ke ajiye ta a kife, don kada nauyin ya ɓalle su ciki. In za ki sake mata robar da ke haɗa gaɓoɓi, kada ki ja da ƙarfi. Roba mai tsauri tana iya tsaga wuyan da ya shekara ɗari lafiya.

Bari in ba ki wani labari. A 1927 wani Ba'amurke mai suna Sidney Gulick ya jagoranci aika 'yan tsana fiye da 12,000 zuwa ga yaran Japan, don ƙulla zumunci. Japan ta rama da guda 58, manya, sanye da siliki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka lalata yawancin na Amurka a matsayin kayan abokan gaba. Wasu malamai suka ɓoye nasu, kimanin 300 suka tsira. Su kuma na Japan, fuskarsu da garin ɓawon kawa da gam aka lulluɓe ta, ana kiransa gofun. Tsumma mai ruwa kaɗai ya isa ya narkar da shi. Da wasunsu suka tsufa a gidajen tarihi na Amurka, sai aka mayar da su Japan, wurin masu sana'ar da suka gaji aikin, aka gyara su a can. Kin ga, manyan gidajen tarihi ma ba su ji kunyar cewa wannan ya fi ƙarfinsu ba. Ke ma kada ki ji.

Sai maganar gam. Ki guji mai kamawa nan take, wanda ba ya cirewa. Ki nemi wanda za a iya narkarwa daga baya, domin wata rana wanda ya fi ki sani zai zo, kada ki ɗaure masa hannu. Fenti kuma ki sa shi inda ya ɓare kawai. 'Yar tsanar da aka shafe fuskarta baki ɗaya darajarta faɗuwa take yi a wurin masu saye, ko da ta fi kyau a ido.

Kuma ki saurari mai ita kafin ki fara. Wataƙila ta kakarta ce. Wataƙila goguwar da kike son rufewa a kumatu ita ce abin da take tunawa da shi tun ƙuruciya. Ki tambaye ta, ki gaya mata gaskiyar abin da zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba.

Ki ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. Ki rubuta duk abin da kika yi da kayan da kika sa. Tsohuwar riga ko gashin da kika cire, ko da asu ya ci su, ki naɗe su a takarda ki mayar wa mai ita tare da 'yar tsanarta.